Ranar da Delbert Ya Ɗauko Mana Koci

A ranar Lahadin da Jami'ar Tallow ta sallami Koci Mabry, ba wanda ya saurari wa'azi a garinmu. Fasto da kansa sau uku yana leƙa wayarsa a ƙarƙashin littafi. Ranar Asabar 'yan Jami'ar Pinckard sun zo har filinmu a wasan ƙwallon Amurka, irin wanda ake yi da hular kwano, sun yi mana ci arba'in da biyar da uku, shekara ta shida ke nan a jere, don haka da labarin korar ya zagaya kujeru, mawaƙa suka ja wata "Amin" da ban taɓa jin mai tsawonta ba.

Sunana Odell, ni ke da shagon askin da ke kallon kotu. Shekara talatin a shagona ake naɗa koci ake sauke koci, sai dai jami'a ba ta cika samun labari ba. Mijin yayata Maxine, wato Delbert Ragsdale, shi ne shugaban ƙungiyar magoya bayan Tarwada, sunan 'yan wasanmu ke nan. Sana'arsa sayar da tayoyin tarakta, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi ɗan cikin gida ne a jami'a. Gaskiya ne ya taɓa yin zango ɗaya a can, kafin malamai su ba shi shawarar ya gwada wani abu dabam.

Ranar Litinin shago ya cika tun kafin in gama share ƙasa, kuma suna ɗaya ne a bakin kowa: Royce Tarpley. Wannan mutum yana can Kansas a wata ƙaramar makaranta, ya ci wasa goma sha ɗaya da yaran da ba wanda ya nema. A talabijin kawai muka san shi, da baƙin gemu har ƙirji, da hula a kife kan goshi, da baƙin tabarau ko ana ruwa. Muna son shi, Pinckard ma da kocinsu ya yi ritaya suna son shi, tsakaninmu da su kuwa mil arba'in ne kacal.

Ana tsakiyar musu Delbert ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa ya jira a lura da shi. Da ba a lura ba sai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ku daina wahalar da kanku. An gama magana."

Gwaggo Earline ce ta amsa masa. Shekararta tamanin da ɗaya, mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, amma ba ta fasa zuwa a ranar askinsa ba, don ta ce nan ne kaɗai ake fara ƙarya tun da safe. Ta ce, "Wa ya gama ta, Delbert? Kai ko tayoyinka?"

"Gwaggo, akwai abin da ba zan iya faɗa ba."

"Ba mu taɓa ganin irinsa ba."

Bai kai minti ɗaya ba ya faɗa. Ɗan kawunsa Virgil, mai zuba wa jirage mai a ɗan filin jirginmu, shi ya gaya masa ranar Alhamis jirgin jami'a zai tashi zuwa Kansas ya ɗauko mutum ɗaya, kuma sunan da ke takarda Dakta Purifoy.

Na ce, "To ai ba Tarpley ba ne."

Delbert ya dube ni da tausayi. "Odell, ka taɓa jin ɗan Adam mai suna Purifoy? Sunan boge ne. Haka manya suke yi. Kai aski ka sani."

Daga nan ya shimfiɗa mana shirinsa. Jami'a, in ji shi, za ta shigar da mutumin ta ƙofar baya, ta ba shi ruwan roba da biro, shi kuwa ya ce zai yi tunani, kafin a farga Pinckard ta sace shi. Amma in garin Tallow duka ya tarbe shi da ganguna, aka zagaya da shi a buɗaɗɗiyar mota, aka tsayar da shi gaban kotu ya yi jawabi, wace fuska gare shi da zai ce a'a?

Ya bugi ƙirji ya ce, "Su ofis za su ba shi. Ni gari zan ba shi. Shekara hamsin nan gaba in an tambaya wa ya kawo Tarpley, kun san amsa. Amma fa sirri ne."

Da tsakar ranar nan ya kira shirin wasanni na gidan rediyon garinmu, wanda Skeeter ke gabatarwa, ya maimaita komai har da lokacin saukar jirgi.

Skeeter ya ce, "Delbert, ka ce sirri ne. Ka san a rediyo kake ko?"

"Shi ya sa nake magana ƙasa-ƙasa."

Ranar Talata Madam Lockett, shugabar sashen wasanni ta jami'a, ta kira shi da kanta. Ina gidansu muna cin soyayyar kaza, na ji muryarta ta cikin waya. Ta ce, "Mista Ragsdale, ina roƙonka don Allah, ranar Alhamis ka zauna a shagonka. Kada ka yi komai. Komai fa na ce."

Ya ajiye waya yana murmushi. "Kun ji? Ta tabbatar."

Maxine ta ce, "Ni na ji ta ce ka zauna a shagonka."

"Ke ba ki iya sauraron manya ba."

"Shekara ashirin da takwas ina sauraronka, dole kunnena ya lalace."

Ranar Laraba ya kwashe zannuwan gadon Maxine guda huɗu ya ɗinke su wuri ɗaya, ya hau tankin ruwan gari da gwangwanin jan fenti don ya rataya maraba. Ya fara rubutu da manyan baƙaƙe, wuri ya ƙare masa kafin sunan ya ƙare, aka sami BARKA DA ZUWA KOCI TARPLE a gefen da ke kallon gari, harafin ƙarshe kuma ya zagaya baya yana kallon maƙabarta. Yana gamawa ya duba ƙasa, ya tuna yana tsoron bisa. Ya rungume ƙarfe ya ƙi motsi.

Rana ce mai daɗi, mutane suka fito da kujeru. Gwaggo Earline ta ɗaga murya ta ce, "Delbert, daga nan kana hango Kansas?"

"Ina duba hanyar da za mu bi ne, Gwaggo!"

"To duba da kyau, wandonka ya riga ka saukowa."

Ba ƙarya ta yi ba, ƙugiyar tsani ta kama shi ta baya. 'Yan kwana-kwana suka zo da dogon tsaninsu suka sauko da shi a kafaɗar wani ƙato, kamar buhun taki. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai da ya sa shugabansu ya yi masa alkawarin motar kashe gobara za ta shiga jerin gwano gobe.

Ranar Alhamis kafin sha biyun rana mutum ya fi dubu biyu a filin jirgi. An rufe shaguna, makarantar sakandare ta turo makaɗanta da kakaki da ganguna, matan majami'a sun zo da tukwanen wake da gasasshen nama da shayin ƙanƙara. Skeeter ya zo da makirfonsa yana watsa komai kai tsaye. Ni aka ba tuƙin a-kori-kurar Delbert, wadda ya ɗaure wa kujerar falonsa a baya don baƙo. Na yarda ne don Maxine ta ce in je in tabbatar bai mutu ba.

Jirgi ya sauka, ƙofa ta buɗe, wani mutum ya leƙo. Baƙin gemu har ƙirji, hula a kife, baƙin tabarau. Ihun da aka yi sai da ya tashi tsuntsaye daga gonar auduga.

Na ce, "Delbert, a talabijin ya fi haka tsawo."

"Talabijin na ƙara mutum."

Akwai wata dattijuwa siririya a gefe, da ƙaramin kwali an rubuta DAKTA PURIFOY. Ta ce ita daga sashen noma take, ita aka turo ta ɗauke shi. Delbert ya kashe mata ido ya ce, "Sashen noma! Kai, kun iya shiri. Sannu da ƙoƙari, Madam, daga nan mun karɓa." Kafin ta sake buɗe baki masu ganguna suka bi ta gabanta, ban ƙara ganinta ba sai da yamma.

Delbert ya cafke hannun baƙon da hannu biyu. "Koci! Barka da zuwa gida!"

Mutumin ya ce, "Na gode, amma ni Dakta Wendell Puri..."

"Mun sani, mun sani. Dakta Purifoy." Ya sake kashe ido. "Duk nan 'yan gida ne."

"Duk waɗannan mutane don ni suka zo?"

"Kwana huɗu ba mu da zance sai naka."

Baƙon ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce shekara ashirin da shida yana wannan aiki, taro mafi girma da aka taɓa yi masa mutum goma sha tara ne, kuma huɗu daga ciki sun shigo fake wa ruwa ne. Delbert ya juya ya ce da ni, "Ka ji tawali'u?" Aka ɗora shi a kujerar falo, aka yafa masa rigar Tarwada, aka ɗanƙa masa cinyar kaza. Ya jujjuya ta, ya duba ƙashin da kyau, ya ce watanta bakwai da ƙyanƙyashewa kuma ba ta sami isasshen sinadarin ƙarfafa ƙashi ba. Mata suka ce kai, wannan ba abin da yake wuce idonsa.

Muka ɗauki hanya. Motar kashe gobara a gaba tana jiniya, makaɗa a baya, sannan mu, sannan motoci sun fi ɗari uku, har da tarakta goma sha ɗaya masu sababbin tayoyi. Daga filin jirgi zuwa gari sai an haye gadar rafin Tallow, wadda mota biyu ba sa wucewa a kanta sai da addu'a. A tsakiyar gadar nan motar kashe gobara ta yi tari sau biyu ta mutu. Komai ya tsaya. Makaɗa ba a ce su daina ba, suka ci gaba da busa a tsaye.

A bakin gadar akwai mahaɗa, inda babbar hanyar da ta taso daga yamma take shigowa. Nan wata 'yar ƙaramar motar haya mai launin toka ta maƙale, hancinta na taɓa ƙofata. Mutum ne da matarsa a ciki. Ya jira minti ashirin, sannan ya danna oda sau ɗaya, a hankali.

Delbert ya diro daga bayan a-kori-kura kamar an zagi mahaifiyarsa.

"Kai! Wa kake yi wa oda?"

Mutumin ya sauke gilashi. Dogo ne, ba hula, ba gemu, fuskarsa a wanke. Ni mai aski ne, na lura haɓarsa fara ce fat, goshinsa kuwa rana ta gasa shi, alamar bai fi kwana ɗaya da aske tsohon gemu ba. Na lura, na kuma yi shiru, don ƙafata na kan birki kuma birkin Delbert ba ya son a raba hankali.

Mutumin ya ce, "Yi haƙuri, Yallaɓai. Ƙarfe ɗaya ake jirana a jami'a. Ko za a ɗan buɗa mini in wuce?"

"Jami'a ba kowa yau. Duk wanda ya isa yana nan."

"Madam Lockett ce ke jirana."

"Ni ma jirana take yi. Ka bi layi."

Matar ta sunkuyo ta ce, "Malam, tun asuba muke tuƙi daga Kansas."

Delbert ya juya ga jama'a ya ɗaga hannu. "Kun ji? Har daga Kansas sun biyo shi! To ku koma ku gaya wa mutanenku sun yi sakaci, ya zama namu." Aka yi tafi.

Mutumin ya dubi a-kori-kura, ya dubi mai gemun da ke zaune a kujerar falo yana ɗaga wa yara ƙashin kaza. Ya ce, "Wane ne wancan?"

"In ba ka san wancan ba, ba ka san ƙwallo ba. Royce Tarpley ke nan."

"Ni ne Royce Tarpley."

Delbert ya riƙe ciki don dariya. Ya kira Skeeter da hannu. "Zo da makirfonka, zo ka ji. Maimaita, ɗan'uwa, jiha duka na saurare."

"Na ce ni ne Royce Tarpley."

"Ni kuma gwamna ne, ga uwargidana can tana raba wake." Dariya ta bi gada har ƙarshenta. Delbert ya sami abin da yake so, ya ƙara matsowa. "Ina gemun? Ka bar shi a Kansas yana gadin gida?"

"Matata ta ce in aske don ganawar yau."

"Madam, da kin bar shi. Da gemu aƙalla ba za a ga fuskar ba." Ya dafa rufin motar. "Bari in gaya maka, ɗan'uwa, shekara arba'in ina kallon ƙwallo. Daga tafiyar mutum nake gane koci. Kai ko ruwa ba zan ba ka ka kai wa yara ba. Inshora kake sayarwa, ko?"

Matar ta ce, "Royce, juya motar."

"Ki ɗan dakata, Darlene, wataƙila..."

"Royce. Juya motar."

Delbert ya ce, "Yauwa, ka ji mai hankali." Da kansa ya tsaya a bayan motar yana ba da hannu, yana cewa taho, taho, taho, har tayar baya ta faɗa kwata. Maza shida suka ciccibo ta, taɓo ya wanke rigar matar ta taga. Delbert ya manna musu hoton Tarwada a gilashin baya, kyauta, ya nuna musu hanyar kudu.

Mutumin ya ce, "Ina wannan take zuwa?"

"Pinckard. Mil arba'in, miƙe kawai. Can ne ake karɓar irinku."

Mutumin ya dube shi, ya ce, "Na gode, Yallaɓai. Ka taimaka mini ƙwarai." Suka tafi.

Da ya dawo mota na ce, "Delbert, haɓar mutumin nan sabon aski ce."

"Kai komai aski."

Sai da tarakta biyu suka ja motar kashe gobara kafin mu isa gaban kotu, wajen ƙarfe biyu da rabi. An kafa dandamali a kan tirela. Delbert ya yi jawabin gabatarwa na minti ashirin da biyar, wanda a ciki ya ambaci baƙon sau biyu. Sannan ya miƙa masa makirfo ya ce, "Koci, gaya musu yadda za ka gyara mana gida."

Baƙon ya gyara tsayuwa. Ya ce bai shirya yin magana a waje ba, hotunansa na cikin jaka, amma zai yi bakin ƙoƙari.

"Duk inda na je," in ji shi, "abin da nake fara dubawa ƙafafu ne. In ƙafa ba ta da ƙarfi, komai girman ƙirji aikin banza ne."

Jama'a suka ce, "Haka ne!"

"Na biyu, ba na yarda da cunkoso. In kun tara su wuri ɗaya sai su riƙa tattaka juna. Kowa a ba shi filinsa."

Wani tsoho a kusa da ni ya fashe da kuka. Ya ce shekara shida yana rubuta wa Mabry wasiƙa a kan wannan magana.

"Na uku, wanda ya kasa tashi, a ware shi tun da wuri. Ban da tausayi. Guda ɗaya sai ya lalata dubu."

Ganguna suka amsa. Gwaggo Earline, da aka ba kujera a sahun gaba, ta ɗaga sandarta. "Yaro, bar dogon Turanci. Yaya za ka yi da Pinckard?"

"Pinckard? Ai na je can bara na duba nasu. Abin tausayi. Ƙwarƙwata ta cinye su, rabinsu mura, ga gudawa."

Ban taɓa jin ihu irin na lokacin nan ba, ko ranar da muka ci kofi ina yaro. Hula ta tashi sama ta fi ɗari. Delbert ya rungume Fasto. Skeeter yana ta ƙaraji a rediyo cewa Tarpley ya ayyana yaƙi.

Da aka lafa, wata mata mai suna Vernice ta miƙe. Ɗanta ne babban mai tare gaba a ƙungiyar, yaron da ya kai nauyin ɗan maraƙi. Ta ce, "Koci, ni uwa ce. Me za ka riƙa ba su su ci?"

"Masara da waken soya, Madam, da ɗan garin ƙashi. Kada a kashe musu fitila, don su yi ta ci. In an bi wannan, cikin sati shida sun kai nauyin da ake so."

Tafin ya ɗan ragu. Vernice ta ce, "Daga nan fa?"

"Daga nan sai yanka, mana."

Mai babbar ganga ya buga sau ɗaya don bai ji ba, sannan shi ma ya tsaya.

Baƙon ya ga an yi tsit, ya ɗauka ƙarin bayani ake so. "Ba duka ba. Masu kyawun jiki a bar su su yi ƙwai."

Vernice ta ce, "Ɗana zai yi me?"

Delbert ya fizge makirfo yana dariyar dole. "Salon magana ne, jama'a! Haka 'yan Kansas suke zance. Yanka yana nufin horo. Ƙwai kuma yana nufin... maki."

"A'a, ƙwai nake nufi," in ji baƙon. "Na kaza."

Daidai lokacin nan jama'a suka dare, Madam Lockett ta ratso. Takalmanta a hannu, gashinta ya tashi, don duk hanyoyin jami'a motocinmu sun toshe su, da ƙafa ta tako mil biyu. Dattijuwar sashen noma na biye da ita, har yanzu da kwalinta. Madam Lockett ta hau tirela ta tsaya gaban Delbert. Ba ta lura makirfo na hannunsa a kunne ba, shi ma ya manta.

"Mista Ragsdale, wane ne wannan?"

"Kocinki, ranki ya daɗe. Na ɗauko miki shi. Ba sai kin yi godiya a nan ba."

"Wannan Dakta Purifoy ne. Likitan kaji ne. Ƙarfe biyu ya kamata ya yi wa manoma lacca a kan cutar ƙafa."

Dakta Purifoy ya ɗaga hannu ya gaisa da jama'a.

"Na hana Tarpley hawa jirgi," in ji ta, "don na san ku da bin jirage. Na sa ya zo a motar haya. Wata biyu ina lallashin matarsa. Yanzu ya kira ni daga hanya, ya ce wani mai jar riga ya ce ko ruwa ba zai ba shi ya kai wa yara ba, ya jefa su kwata, ya nuna masa hanyar Pinckard."

Mutum dubu biyu suka dubi rigar Delbert. Delbert ma ya dube ta.

Ya ce, "Masu jar riga suna da yawa."

Skeeter, wanda bai taɓa ƙin taimako ba, ya ce yana da muryar a naɗe, ya kunna ta ta lasifika. Muka sake jin Delbert yana cewa shi daga tafiyar mutum yake gane koci.

Gwaggo Earline ta ce, "Kunna kuma, Skeeter, ban ji wajen gwamna da kyau ba."

Delbert ya ce, "To ai laifinsa ne. Wa ya ce ya aske gemu? Mutum ya zo neman aiki da fuskar da ba a san shi da ita ba?"

Ban ga wanda ya fara jifa da burodin masara ba, amma Vernice ce ta bi shi da ludayin wake. Ya diro ta bayan tirela, ya ratsa tsakanin masu kakaki, ya faɗa shagona ya kulle kansa a ban ɗaki. Sai da yamma Maxine ta zo ta ƙwanƙwasa ta ce ya fito jama'a sun watse, saura ita, kuma ita ce ya kamata ya ji tsoro tun farko.

Ƙarfe huɗu da kwata na ranar nan Royce Tarpley ya sa hannu a Pinckard. An nuna shi a talabijin yana fitowa daga motar haya, da hoton Tarwada a gilashin baya. Da 'yan jarida suka tambaye shi me ya ja ra'ayinsa, ya ce wani mutumin kirki ne ya nuna masa hanya.

Mu kuwa Madam Lockett ta kira koci bakwai, duk bakwai sun ji muryar Delbert, duk suka ce iyalinsu ba sa son ƙaura. Bayan sati uku jami'a ta dawo da Mabry, da ƙarin albashi. Ƙungiyar magoya baya ta sauke Delbert da ƙuri'a ɗari biyu da goma sha ɗaya, ɗaya tak ta goyi bayansa. Ɗayar ma tasa ce. Dakta Purifoy shi kaɗai ya ci riba: ya rubuto wa jaridar gari cewa bai taɓa ganin al'umma mai ƙaunar kaji irin ta Tallow ba, yanzu duk shekara yana zuwa, kuma zauren laccarsa cika yake yi, don kowa yana so ya tambaye shi labarin Pinckard.

Tarpley ya ci mu shekara huɗu a jere. Ranar Litinin bayan ta huɗun, wadda aka tashi hamsin da biyu da bakwai, shagona ya cika. Delbert na kan kujera ina rage masa ƙeya. Wani ya ce yaranmu sun yi wasa huɗu ba su iya tsayar da mutumin nan ko sau ɗaya ba.

Delbert ya ɗaga yatsa daga ƙarƙashin mayafin aski.

Ya ce, "Minti arba'in na tsayar da shi a bakin gada, ni kaɗai, ko hular kwano babu. Har baya sai da na sa ya ja. In jami'a na da hankali ta san inda shagona yake."